Direba da katako bayan shekara tara: yadda muka yi da wani Alhaji a filin golf na Yamai

Tun ina ɗan shekara goma sha uku nake ɗaukar jakar golf a filin nan na bayan gari kan hanyar Tillaberi, na fara da kadi, wato yaron da ke saɓa jaka yana nuna inda ƙwallo ta faɗa, yau kuma ni ke koya wa mutane bugu. A cikin duk waɗanda suka bi ta hannuna lamarin Alhajin nan ne ya fi tsaya min a rai, shi ya sa na buɗe kaye na na rubuto shi tun daga farko, har da inda ni da kaina na ɓata mishi lokaci. Sunanshi ba zan faɗa ba, Alhaji kawai zan riƙa cewa.

Na san shi tun ina yaro don na ɗauki jakarshi shekaru da yawa. A lokacin nan in Alhaji ya ciro direba, wato doguwar sandar da ake bugun nesa da ita, mu yara sai mun matsa gaba sosai kafin mu tsaya, ƙwallonshi tana tashi mita 220 a sama kafin ta taɓa ƙasa, in ta faɗa kan tsandaurin nan namu kuma ta yi ta gudu. Handikaf ɗinshi, wato lambar da ke auna gwanintar ɗan wasa wadda take raguwa in mutum ya ƙara iyawa, 14 ne. A 2014 aiki ya kai shi Damagaram, daga baya gwiwar hagu ta fara damunshi, jaka ta shiga magazan aka rufe. Sai watan Nuwamba na 2023 na ga mota ta tsaya ran wata Asabar da safe, ya fito yana murmushi ya ce ɗana kana nan? Ya bar wasa yana da shekara 50, ya dawo yana da 59.

Da na buɗe jakar abin da na fara gani zanzaro ya yi gini a cikin hular direba, gidan laka guda biyu manne da zaren ciki. Robar mariƙi kuwa duk ta bushe ta yi santsi tana ƙyalli kamar bayan tsohuwar buta, in ka danna da farce ba ta lotsawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, don in mariƙi ya yi santsi hannu da kanshi yake ƙara damƙa ba tare da mutum ya sani ba, in hannu ya damƙe kuma wuyan hannu ya sandare, daga nan gudu ya tafi. Na faɗa mishi a ranar, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Na yi shiru don babba ne.

Ga wanda bai san wasan ba, doka ta yarda mutum ya ɗauki sanda 14 a jaka. Akwai ƙarafa, waɗanda muke kira fer, akwai kuma katako da muke ce ma buwa a bakin filin. Sunan katako ne kawai ya rage musu, da can da icen fasimon ake sassaƙa kansu, sai a 1979 kamfanin TaylorMade ya fito da na ƙarfe, a 1991 Callaway ya kawo Big Bertha mai girman kai cc 190 wanda a lokacin mutane ke ganin ya yi ƙato, yau kuwa iyakar da doka ta sa cc 460 ne kuma kusan kowane direba nan yake. Direba shi ne mafi tsawo a jaka, wajen inci 45 da ɗoriya, kusan santimita 115, alhali fer 7 bai wuce santimita 94 ba. Kuma cikin sandunan bugun nesa shi ne fuskarshi ta fi miƙewa tsaye, kwanciyarta digiri 9 zuwa 12 ne kawai, katako 3 yana da wajen 15, katako 5 wajen 18, katako 7 wajen 21. Tsawo da miƙewar fuska, waɗannan biyun su ne suka sa duk wanda ya daɗe bai yi wasa ba dogayen sandunan nan ne ke fara tona shi. Ɗan kuskuren da fer 7 zai rufa maka asiri a kai, direba sai ya ninka shi ya kai ƙwallo cikin ƙaya.

Haka ko aka yi. A pratis, wato filin gwajin bugu, na ba shi fer 7 ya buga goma, shida sun tashi lafiya lau, har ya juyo ya ce ka gani, hannu bai manta ba. Ya ce miƙo direba. Ta farko ta tashi hagu kaɗan sannan ta lanƙwashe dama kamar lauje ta faɗa bayan wata bagaruwa, wannan shi ne silais. Ta biyu ta haura sama ɗoɗar ta dawo ko mita 60 ba ta yi ba, ta bar tabo fari a saman kan sanda. Ta uku silais kuma. Cikin ƙwallo 20 da na ƙirga uku ne kacal za su zauna a hanya, wato shararren wurin da ke kai ka zuwa rami, in da a fili muke, kuma mafi nisa a sama mita 155. Katako 3 daga kan tapi ya fi muni, a cikin goma bakwai ya daki ƙwallo a ka ta yi ta birgima a ƙasa kamar ɓera, biyu ya daki tapi tun kafin ya iso ƙwallo.

Sai na yi bayanin tapi. Filinmu ba ciyawa, rairayi ne da jar ƙasa da tsakuwa, saboda haka kowa yana yawo da ɗan guntun tapi na ciyawar roba, inda ƙwallo ta tsaya a hanya ka ɗora ta a kai ka buga. Wurin rami ma ba koren girin ba ne irin na talabijin, rairayi ne da aka cakuɗa da mai ana share shi a daidaita. To tapi yana da wata ƙarya da yake yi ma mutum, in ka sari ƙasa kafin ƙwallo da fer, kan sanda sai ya zame a kan robar ya je ya samu ƙwallo ta tashi kamar ba komai, a ciyawar gaske da sanda ta nutse. Shidan nan da Alhaji ya yi murna da su, rabinsu irin wannan ne, ni ina jin ƙarar na sani. Tsandaurin ma yana ƙarya, ƙwallon da ta tashi mita 150 tana iya gudu ta kai 200, shi ya sa tun ranar farko na tsayar da yaro a can nesa yana nuna min inda ta fara taɓa ƙasa, wannan nake rubutawa, ba inda ta tsaya ba.

Sati uku na farko ni na lalata su, gaskiya. Na ɗauki bidiyo da waya na ga yana zuwa da sanda daga waje yana yanko ƙwallo zuwa ciki, na ce shi kenan na gano ciwon, na shiga gyara mishi riƙo da kafaɗa da inda gwiwar hannu za ta bi. Duk abin da na faɗa gaskiya ne a littafi amma ba shi ne tushen ba. Kuma na bar shi yana buga direba ƙwallo tamanin, ɗari a zama ɗaya don shi yake so ni kuma ina jin nauyin hana shi. Mutumin da ya yi shekara tara bai murɗa ƙugunshi haka ba. A sati na uku ya kira ni ya ce bayanshi ya riƙe ko ruku'u da ƙyar yake yi, sai da ya yi kwana goma bai zo ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni ne ya kamata in ce ya isa.

A cikin kwana goman nan na yi ta maimaita bidiyon, sai na daina kallon hannu na koma kallon ƙafa. A da in Alhaji ya gama bugu duk nauyinshi yana kan ƙafar hagu, cibiya na kallon inda ƙwallo ta nufa, ƙafar dama a kan ɗan yatsa. Yanzu kuwa yana gamawa nauyi na kan dama, ƙafar hagu har tana ɗan ɗagawa. Gwiwar ce. Ko da ba ta ciwo a lokacin, jiki ya riga ya koyi tsoron ɗora mata nauyi. Hannuwa da kafaɗu kuma suna nan da tsohon saurinsu, suna neman mita 220 ɗin da suka sani, ƙasa ba ta tafiya sama na gudu, dole sanda ta zo daga waje ta sauko kamar gatarin mai faskare. A nan na gane Alhaji ba mantuwa ke damunshi ba, tunawa ce. Ya riƙe bugun ɗan shekara 45 tsaf a kanshi yana so ya yi shi da jikin ɗan 59. Wanda bai taɓa wasa ba ya fi sauƙin koyarwa ta wannan fannin, don shi ba shi da wani tsohon nisa da yake bin bashi.

Da ya dawo na ce ranka ya daɗe, ina neman alfarma guda biyu, direba zai zauna a mota wata guda, kuma ka je wajen kine, wato likitan motsa gaɓoɓi, a duba gwiwa da baya a faɗa mana iyakar abin da za su iya ɗauka. Na farkon ya fi yi mishi ciwo, ya ce to me ya kawo ni in ba direba? Amma ya yarda. Kine ya ba shi motsa jiki na ƙarfafa cinya da sakin ƙugu ya ce ba laifi ya ɗora nauyi a hankali. Mun yi saƙon sababbin robobin mariƙi daga Abijan don kayan golf a Yamai sai da saƙo, na yanke tsofaffin da reza na saka sababbi. Ranar da ya riƙe su ya juya sanda a hannu ya ce kai, ashe da gaskiyarka.

Sai alli. Wannan shi ne abin da na fi so duk mai karanta wannan ya ɗauka, kuma kuɗinshi bai kai dala biyar ba. Na goga allin makaranta a fuskar katako 5 har ta yi fari, in ya buga ƙwallo tana barin zagayen tabo daidai inda ta taɓa. Hodar jarirai ma tana yi. Goma na farko takwas duk a dunduniya suke, wato can kusa da inda ƙota ta shiga kai. Alhaji ya sa tabarau ya duba ya ce ni fa ina jin kamar a tsakiya nake samu. Ba a tsakiya ba ne. Kuma a manyan sandunan nan inda ƙwallo ta taɓa yana canja yadda take juyawa, in ta taɓa dunduniya kan sanda yana ɗan murɗawa ya ba ƙwallo juyin da ke kai ta dama ga mai bugu da hannun dama, in ta taɓa can bakin yatsa, wato ƙarshen kan sanda, ya ba ta juyin hagu, shi ya sa ma in ka duba fuskar direba da kyau za ka ga ba a shafe take ba tana da ɗan doro, an yi haka ne don rage wannan. To ka ga silais ɗin Alhaji kashi biyu ne, akwai na fuska a buɗe da yankan waje, akwai kuma na dunduniya da ke ƙara mishi, ga asarar nisa don ƙarfin bugu a tsakiya yake. Shi kuma da ya ga tana tafiya dama sai ya ƙara juya jiki hagu don ya rama, wanda hakan ke ƙara yankan. Yana gudun abu yana ƙara shiga cikinshi.

Ga yadda muka tsara zama, sau biyu a sati, Laraba bayan la'asar da Asabar ƙarfe bakwai na safe, ƙwallo arba'in ba ƙari. Goma na farko da gajeren fer don jiki ya yi ɗumi, lokacin hunturu ne da safe akwai sanyi da hazo. Sannan katako 5 a kan ti, ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo, na soke shi ƙasa har ya rage kamar faɗin ɗan yatsa, ya sauko da hannu santimita uku daga ƙarshen mariƙi, rabin suwin kawai, wato rabin lilon da ake yi da sanda, hannu ya tsaya daidai kafaɗa. Ba ruwanmu da inda ta tafi, alli kawai muke dubawa bayan kowace ƙwallo. Na buɗe mishi ƙafar hagu ta kalli waje sosai don ƙugu ya samu hanyar juyawa ba tare da ya murɗe gwiwa ba, kuma na ce ya bar dunduniyar ƙafar hagu ta ɗaga kaɗan in zai kai sanda baya sannan ya taka ta kafin hannu ya sauko. Ya ce ai an hana wannan. Na ce Jack Nicklaus haka yake yi duk rayuwarshi kuma manyan gasa 18 ya ci. Takun nan shi ya zama mabuɗin komai, don in ya taka dole nauyi ya koma hagu, ba sai na yi ta ce mishi kai nauyi gaba ba.

Maganar sauri kuwa da majajjawa na yi mishi misali, don ya yi tsaron gero yana yaro. Na ce Baba in za ka jefa dutse da majajjawa ai ba tun daga farko kake fizga ba, kana barin ta ta ɗauki gudu ne sai a ƙarshe ka saki. Ya gane nan take. Muka riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku yana kai sanda baya, huɗu ta sauko, da baki yake faɗa har yaran suka haddace suna taya shi.

Sati biyu da haka tabon alli ya fara matsowa tsakiya, a goma biyar ko shida. Sai na kawo kwalin sukari wanda ba komai a ciki na ajiye shi a waje da ƙwallo, ɗan baya kaɗan, tazarar yatsa uku daga inda bakin sanda zai wuce. In ya zo daga waje sai ya daki kwali. Ranar farko kwali huɗu ya fasa. Ban ce mishi komai game da kafaɗa ko gwiwar hannu ba, jiki da kanshi ya nemi hanyar kauce ma kwalin, abin da na yi sati uku ina surutu a kai bai shiga ba kwalin sukari ya shigar da shi a zama uku.

Cire ti shi ne mataki mai wuya, don nan ne tsohon tsoro ke dawowa. Mutum in ya ga ƙwallo kwance a tapi da fuskar katako da ta kusa miƙewa sai zuciyarshi ta ce ba za ta tashi ba sai na taimaka mata, sai ya jingina baya yana neman ɗebo ta daga ƙasa, kan sanda ya gama saukarshi tun kafin ya iso, ya same ta yana hawa ya dake ta a ka. Gaskiyar magana katako daga ƙasa shara ake yi da shi, har ma yana ɗan saukowa kaɗan lokacin da zai taɓa ƙwallo, kwanciyar fuska ita ke ɗaga ta ba kai ba. Na sa ƙwallo ta koma baya kamar faɗin ƙwallo biyu daga dunduniyar hagu, na ajiye ɗan guntun kara a gabanta tazarar yatsa huɗu na ce manta da ƙwallo, karan nan nake so ka share. In kara ya tashi ƙwallo ta tashi. Da katako 5 abin ya zauna cikin sati uku, yana samun mita 160 a sama, bakwai cikin goma masu kyau.

Katako 3 kuwa bai zauna ba, har yau. Mun ba shi zama shida, a goma uku ko huɗu ne ke tashi kuma ko waɗanda suka tashin ba su wuce na katako 5 ba sai da mita biyar ko shida, don gudun sandarshi na yanzu bai isa ya ɗaga ƙwallo da digiri 15 daga ƙasa ta daɗe a sama ba. Na ce a cire shi daga jaka a sa katako 7. Nan muka yi gardama ta gaske, ya ce katako 7 na tsofaffi ne da mata. Na ce Dustin Johnson yana da katako 7 a jaka lokacin da ya ci babbar gasar Masters a 2020 kuma ba wanda ya ce ba shi da ƙarfi. Wani abokin wasanshi ya ara mishi nashi ya gwada, ƙwallo ta tashi sama ta sauko a tsaye mita 148, ya buga biyar a jere duk haka. Bai ce na yi gaskiya ba, ya dai tambayi abokin ko zai sayar.

Direba ya fito daga mota a tsakiyar Janairu. Nashi digiri 9.5 ne da ƙota mai tauri, irin wanda ake iya kwance wuyanshi da kile a canja, kilen ya ɓace tun tuni sai aro muka yi. Na ɗaga shi zuwa 11, wanda hakan kuma yana ɗan rufe fuska, duka biyun suna rage lanƙwasa zuwa dama. Ya ci gaba da sauko da hannu santimita uku. Kan wannan ma ya yi ƙorafi wai ana rage mishi tsawo, na ce har ƙwararru an ba masu shirya gasa damar taƙaita musu direba zuwa inci 46 tun 2022 alhali iyakar doka 48 ce, kuma da yawansu ko 46 ɗin ba su kaiwa don tsakiyar fuska suke nema. Ti kuma ya koma sama, rabin ƙwallo ya leƙo bisa kan sanda, ƙwallo daidai dunduniyar hagu, kafaɗar dama ta ɗan sauka. Direba kaɗai ne sandar da ake so ta samu ƙwallo tana hawa, kuma abin da ya ruɗa shi kenan da farko, katako a share, direba a hau, amma takun ƙafa ɗaya ne, inda ƙwallo ta zauna ne ya bambanta. A zama ɗaya direba takwas kawai nake bari, kuma ba a jere ba, ɗaya direba, ɗaya fer, ɗaya katako, kamar yadda ake yi a fili.

Ƙarshen Fabrairu muka sake ƙirga ƙwallo 20 kamar ranar farko. Sha biyu a hanya, biyar sun ɗan zame dama amma ana iya buga su, uku sun tafi ƙaya. Nisa a sama tsakanin mita 180 da 188. Tabon alli sha uku a tsakiya. Da na karanta mishi ya yi shiru ya ce saura talatin da wani abu kenan. Na ce ranka ya daɗe talatin ɗin nan ba na jin za su dawo duka, wataƙila goma in ƙugu ya ƙara sakewa. Na ga abin ya taɓa shi, ya tsaya yana kallon wajen gulbi ya daɗe. Ban so in yi mishi ƙarya ba, kuma ban kawo mishi labarin Tiger Woods da ya ci Masters a 2019 bayan tiyatar baya da aka yi mishi a 2017 ba duk da na san yana sonshi, don wancan yana da shekara 43 ne da likitoci da masu horo kewaye da shi, kwatanta su zai ƙara mishi bin bashin da nake so ya yafe.

Fitarmu ta farko rami tara ya yi abin da ya nuna daɗewarshi, ƙwallo ta shiga inda ba ta buguwa ya ɗauka ya miƙe hannu daidai kafaɗa zai sake ta, na ce Baba tun 2019 daga gwiwa ake saki, neman ƙwallo ma minti uku ne yanzu ba biyar ba. A ramuka huɗu na farko direba ya yi kyau. A na biyar akwai abokanshi biyu tsaye suna kallo, ɗaya ya ce a nuna mana na da, ina ganin yadda ya damƙe mariƙi na san me zai faru, bai ƙirga ba bai taka ba, silais har bayan garken awaki. A rami na gaba da kanshi ya ce ba ni katako 5, ya sa a ti ya buga tsakiyar hanya. Wannan ya fi min ƙirgar pratis daɗi.

Azumi ya kama a watan Maris na 2024, ga zafin Yamai da ke haura digiri 40, muka tsaya gaba ɗaya kusan sati bakwai, na dai roƙe shi kada ya bar jaka a kofur ɗin mota rana na dukanta don zafi yana cin roba yana kuma raunana gam ɗin da ya riƙe kai da ƙota, kuma bayan tarawi ya riƙa yin suwin ashirin a tsakar gida ba ƙwallo, da takun nan da ƙirga. Ina tsoron mu koma gidan jiya. Da ya dawo ƙarshen Afrilu ƙarfe shida da rabi na safe, ƙwallo goma na farko tabo ya koma dunduniya, amma wannan karon shi ya ciro alli daga aljihun jaka ya goga da hannunshi, ya duba, ya ɗan ja baya daga ƙwallo ya rage suwin zuwa rabi ban ce uffan ba. A zama na biyu ya koma inda ya tsaya a Fabrairu.

Abin da ya rage har yanzu guda biyu ne. In ya gaji, daga rami na 13 zuwa sama, ƙafar hagu tana daina takawa silais ya dawo, saboda haka mun yi yarjejeniya daga nan direba ya huta sai katako 5, wani lokaci yana bi wani lokaci ba ya bi. Na biyu ƙotar direban ta yi mishi tauri, muna jiran mai laushi da aka yi saƙo. Handikaf ɗinshi yanzu yana wajen 20. Katako 3 yana magazan, na ce ya sa shi a leda ya ɗaure saboda zanzaro.